Likita A Bakin Ƙofa: Ko Ƙasa Tana Da Ikon Mayar Da Baƙo Saboda Ciwonsa?

Tafiya neman abinci ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun zamanin kakanni, da zarar an kai dawa rumbu an cire auduga, samari sukan ɗaure kayansu su tafi ci-rani, waɗansu Zariya, waɗansu Kano, waɗansu har Kurmi. Har wa yau motocin da suke kwasar kwandunan tumatir daga Danja zuwa Legas sukan tafi da mutane a bisa kaya, ba kuwa wanda ya taɓa tsai da su a gadar Jebba ya ce su yi tari ya ji. Amma ci-ranin zamanin nan ya ƙara nisa. Yarinyar da ta gama makarantar koyon jinya tana hangen Ingila ko Kanada. Macen da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu tana jin labarin aikatau a Saudiyya. Saurayin da 'yan bindiga suka hana shi noman gonar ubansa yana shirye ya tafi duk inda aka ce akwai aiki. A kan kowace hanya cikin waɗannan akwai wata ƙofa wadda likita yake tsaronta, kuma kalma guda daga alƙalaminsa ta isa ta mai da mutum gida bayan an sayar da shanun huɗa an biya dillali.

Tambayar da ya kamata mu yi ita ce, ko ƙasa tana da ikon rufe wa mutum ƙofa saboda abin da yake cikin jikinsa, abin da sau da yawa bai sani ba, bai kuma jawo wa kansa ba?

Bari mu fara da yadda abin yake gudana, gama da yawa daga cikinmu jita-jita kawai muke ji. Ɗan Nijeriya da yake neman zama a Ingila fiye da wata shida dole ne ya kawo takardar shaidar cewa ba shi da tarin fuka. Ba kowane asibiti ake karɓar takardarsa ba, sai wanda gwamnatin Ingila ta amince da shi, kamar cibiyoyin Hukumar Ƙaura ta Duniya da suke Abuja da Legas. Akan ɗauki hoton ƙirji. Idan hoton ya nuna abin shakka, sai a karɓi kakin mutum sau uku, a ajiye a ɗakin gwaji har kimanin mako takwas a ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro. In ta tsiro, ba takarda. Sai mutum ya sha magani, wanda yakan ɗauki wata shida, sa'an nan ya dawo a sāke dubawa. Amurka takan bincika fiye da haka ga mai neman zama na dindindin: tarin fuka, da tunjere, da ciwon sanyi, da kuturta mai yaɗuwa, da shaidar alluran rigakafi, har da shan miyagun ƙwayoyi. Ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha kuwa sukan gwada jinin ma'aikaci domin ƙanjamau da ciwon hanta, su ɗauki hoton ƙirjinsa, a gwada mace ko tana da ciki.

Wanda zai ce duk wannan zalunci ne tsantsa, lalle ya manta da 1996. A ranin wannan shekara sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, mafi yawa a nan Arewa. Iyayen da suke da shekaru sun tuna yadda ake kwantar da yara a ƙasa a barandar asibiti, wuya a sandare. A shekarar nan hukumomin Saudiyya suka dakatar da maniyyatan Nijeriya, maƙwabtanmu Musulmi da yawa suka kwance jakunkunan da suka ɗaure. Abin ya yi ciwo, amma wa zai ce mai masauki ya yi laifi da ya ji tsoron annoba a wurin da jama'ar duniya suke cuɗanya kafaɗa da kafaɗa? Haka kuma sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, ƙwayar cutar ta ƙetare iyakoki, har ta shanye ƙafafun yara a Yaman da Indunusiya a 2005. Daga nan ne Saudiyya ta sa doka a riƙa ɗiga wa kowane alhaji daga Nijeriya maganin a baki, tsoho da yaro, da isarsa.

Mu ma an taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa da cuta. A ranar 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a Legas ɗauke da Ebola. Dokta Stella Adadevoh ta ƙi barinsa ya fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu, aka tsai da cutar a nan. Ba ɗan Nijeriya ko ɗaya da ya ce an tauye wa baƙon nan haƙƙinsa na yawo. Saboda haka ba daidai ba ne mu yaba wa mai tsaron ƙofarmu, mu zagi na ƙofar wani don ya yi irin aikin. Katekizim na Ikkilisiyar Katolika, a lamba ta 2241, ya riƙe abu biyu tare: ƙasashe masu wadata suna da nawayar karɓar baƙon da yake neman tsira da abinci gwargwadon ƙarfinsu, hukuma kuma tana iya gindaya sharuɗɗa domin amfanin jama'ar da take riƙo. Maigidan da yake da jarirai a cikin gida yana iya cewa baƙo mai ƙyanda ya dakata a zaure.

Sai dai dakatawa a zaure daban, kora daban. A nan ne batun yake.

Tsohuwar dokar binciken lafiya da yawancinmu muka sani tana cikin Littafin Firistoci, sura 13 da 14. Firist ne yake duba fatar mutum. In yana shakka ya keɓe shi kwana bakwai, ya sāke dubawa, in ta kama ya ƙara waɗansu bakwai. Wanda aka tabbatar yana da cutar yakan zauna a bayan zango. Doka ce mai tsanani, kuma mutane sun sha wuya a ƙarƙashinta. Amma mun cika karanta sura 13 mu bar 14, alhali kuwa rabin farko na sura 14 gaba ɗaya a kan hanyar dawowa yake: yadda firist zai fita bayan zango ya sami wanda ya warke, ya duba shi, ya mai da shi cikin jama'a, har da rangwamen hadaya ga matalauci. Shi ya sa a Markus sura 1, bayan Ubangijinmu ya taɓa kuturu ya warkar da shi, ya aike shi wurin firist. A maganar yau, ya aike shi ya karɓo takardarsa ce, gama warkewar da jama'a ba su shaida ba takan bar mutum a bayan gari.

Daga nan muna iya samun ma'aunin da za mu auna kowace dokar shiga ƙasa. Mai ciwo ya tambayi likitan da yake bakin ƙofa, "In na warke, ko kuwa in na daina zama hatsari ga kowa, zan shiga?" Idan amsar i ce, abin da ake yi killacewa ce, kuma mai hankali zai haƙura da ita ko da ta yi ɗaci. Idan amsar a'a ce, to, an daina tsoron cutar, an koma ƙin mutumin.

A bisa wannan ma'auni, gwajin tarin fuka na Ingila yana da hujja. Cutar tana bin iska, tana warkewa, wanda ya fara shan magani yadda ya kamata yakan daina yaɗa ta bayan 'yan makonni, ƙofar kuma tana jiransa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kusan rabin miliyan suke kamuwa kowace shekara, da yawa ba a gano su. Akwai ma wanda gwajin biza ne zai ceci ransa. Amma ga ma'aikacin da ya yi tarin fuka shekara goma da suka wuce, ya shanye maganinsa, ya warke sarai, ya rage tabo kawai a huhu, a ƙasashen Tekun Fasha an daɗe ana rubuta wa irinsa cewa bai cancanta ba. Tabo ba ya tari. Tabo ba ya kuma gogewa, don haka ba ranar da mutumin nan zai dawo ya ce ga shi ya cika sharaɗi. An hukunta shi ne saboda ya taɓa yin ciwo kuma ya yi biyayya ga likita.

Ciwon hanta nau'in B ya fi shafarmu. Babban binciken da aka yi a faɗin ƙasar nan a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi. A taron mutum ɗari biyu, wajen goma sha shida ke nan. Yawancinsu sun same shi tun suna jarirai ko ƙananan yara, ba su taɓa jin ko ciwon kai a kansa ba. Ba a ɗaukarsa ta cin tuwo a kwano ɗaya ko ta gaisawa, akwai kuma allurar da take kāre mutanen gidan da mai shi yake aiki. Duk da haka shi ne yake mai da mata da yawa masu neman aikatau.

Tarihin ƙanjamau a Amurka ya nuna yadda tsoro yakan daɗe a cikin doka bayan ilimi ya wuce shi. A 1987 aka sa cutar cikin jerin masu hana shiga ƙasar, majalisa ta ƙarfafa haramcin a 1993, ko da yake tun lokacin likitoci sun san ba a ɗaukarta ta numfashi ko zama kusa. Saboda wannan doka aka ɗauke babban taron duniya kan cutar na 1992 daga Boston zuwa Amsterdam, ba a sāke yinsa a Amurka ba sai 2012. Sai a ranar 4 ga Janairu 2010 aka ɗage haramcin, bayan shekara 22. Yau an tabbatar cewa wanda yake shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin aurensa. Amma har yanzu akwai ƙasashen da suke tasa ƙeyar ma'aikaci baƙo zuwa filin jirgi da zarar an ga cutar a jininsa. Doka irin wannan tana koya wa mutane abu guda ne, wato su guje wa gwaji.

Akwai wata tambaya ta biyu da take ɓoye a cikin wannan bincike, wadda ta fi ta farko wuyar warwarewa. Waɗansu ƙasashe ba sa tsayawa a kan ko baƙo zai sa wa wani cuta. Suna lissafin nawa zai ci wa baitulmali. Dokar shige da fice ta Kanada, a sashe na 38, ta ba da ikon ƙin mutumin da ake zaton jinyarsa za ta yi wa asibitoci da hidimomin jama'a nauyi fiye da kima. Kafin 2018 iyakar ita ce dalar Kanada 6,655 a shekara. A shekarar nan aka ninka ta uku zuwa 19,965, aka kuma cire kuɗin makarantar yara masu buƙata ta musamman daga lissafin, bayan ƙorafin iyalai irin na wani malamin jami'a ɗan Kosta Rika da aka ce a 2016 iyalinsa ba su cancanci zama ba domin ɗansa yana da lalurar galahanga. Kwamitin majalisar ƙasar ya ba da shawara a 2017 a soke sashen ɗungum, ba a soke ba. Ostareliya ma haka take yi. Tun Yuli 2024 iyakarta dala 86,000 ce ta ƙasar. A watan Nuwamba 2025 kuma Amurka ta umarci jami'an bizarta su riƙa la'akari da cututtuka irin su suga da ciwon zuciya da ƙiba. A irin wannan lissafi, ciwon yaro ɗaya yakan iya rufe wa gida duka ƙofa.

Dattawan Funtuwa da Malumfashi sun san fuloti. Manomi ya kawo audugarsa a kan jaki, malami ya cusa hannu cikin buhu ya ce wannan lamba ɗaya, wannan lamba biyu, wannan a mayar gida. Ba laifi a yi wa auduga haka, gama don sayarwa aka noma ta. Abin da yake damun lamiri shi ne a ga an kawo sikelin fuloti an ɗora yaro mai sikila a kai. Mu da ake haifa mana jarirai kimanin 150,000 da wannan ciwo kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, bai kamata mu ɗauki maganar nan ta nesa ba. Sikila ba ta yaɗuwa, galahanga ba ta yaɗuwa, ga yawancin masu su kuma ba ranar da za a ce an warke. Wanda aka ƙi saboda su ba shi da sura 14.

Gaskiya ne masu wannan doka suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Asibitin gwamnati da harajin talakawan ƙasa ake riƙe shi, gadaje ƙidayayyu ne, injin wankin ƙoda da aka ba wani an hana wani ke nan. Ba ƙasar da za ta iya jinyar duniya duka. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne lissafin da yake da shafi ɗaya. Ana rubuta abin da yaron zai ci, ba a rubuta harajin da uwarsa ma'aikaciyar jinya za ta biya shekara talatin, balle daren da za ta kwana a tsaye a kan tsofaffin ƙasar. Ba a kuma rubuta cewa ita uwar a Zariya ko Katsina aka koyar da ita da kuɗin talakawanmu. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci wajen 16,000 sun bar Nijeriya cikin 'yan shekarun da suka gabata. Ƙasar da take karɓar mai warkarwa kyauta, ta mai da marar lafiyar da yake goye a bayansa, ta ɗauki tsoka ta bar mana ƙashi. Kuma akwai wata hanyar kāre baitulmali. Ingila takan ɗora wa baƙi kuɗin asibiti iri ɗaya, fam 1,035 a shekara ga babba tun Fabrairu 2024, mai lafiya da marar lafiya. Kuɗin yana da nauyi ƙwarai, yana kuma tsai da talaka tun daga nesa, amma aƙalla ba ya ware yaro guda a cikin gida ya nuna shi da yatsa. Ita kanta Kanada ta keɓe 'yan gudun hijira, da mata ko miji da 'ya'yan mazaunanta, daga wannan lissafi, abin da ya nuna ta san akwai mutanen da ba a sa musu farashi.

Wani abin lura kuma, sikelin bai taɓa hawa kan kowa daidai ba. A tsibirin Ellis na birnin New York, inda baƙi kimanin miliyan 12 suka bi tsakanin 1892 da 1954, likitoci sukan juya fatar idon mutum da ƙugiya suna neman ciwon idon nan mai makantarwa, su yi wa wanda suke shakka alama da alli a riga. Amma fasinjojin da suka biya kuɗin ɗakunan sama na jirgin ruwa, a cikin jirgin ake yi musu ɗan dubawa a sallame su. Na ƙasan jirgi ake kaiwa tsibirin. Yau ma attajirin da zai je hutun wata guda ba mai ɗaukar hoton ƙirjinsa.

To, mu fa? Sauƙi ne mu tsaya a kan laifin na waje. A watan Maris 2012 Afirka ta Kudu ta mayar da 'yan Nijeriya 125 daga filin jirgin Johannesburg bisa zargin katin rigakafin shawara na jabu. Gwamnatinmu ta rama, daga baya aka ba mu haƙuri. Amma kowa ya san a lokacin ana sayen katin nan ba tare da allura ta taɓa dantse ba. Dillalan biza kuma sukan ce wa mutum kada ya damu, akwai yadda ake yi, ko a tura ƙane ya ba da jini a madadin wa. Rashin adalcin doka ba ya halatta wannan, musamman a kan cuta mai yaɗuwa. Wanda ya ɓoye tarin fuka ba sarkin ƙasar zai sa wa ba. Zai sa wa 'yan'uwansa leburori ne da suke kwana su takwas a ɗaki ɗaya, ko jaririn da aka ba ta reno. Ban da haka, ƙasashen Tekun Fasha sukan sāke gwaji bayan an isa, kafin a ba da takardar zama, sai a dawo da mutum ga bashi ga kunya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kada mu manta kuma tsohuwar dokarmu ta shige da fice ta 1963 ta lissafa masu taɓin hankali cikin baƙin da aka haramta wa shiga. A cikin gida ma mun san yadda muka yi da kutare. Tun shekarun 1930 aka fara kai su Babbar Ruga kusa da Katsina, kuma ko da yake tun 1995 ake ba da maganin kuturta kyauta a duniya, yana warkar da ita cikin wata shida zuwa goma sha biyu, har yanzu akwai gidajen da ba za su ba jikan kuturu aure ba. Tabon da muke ƙin a riƙe mana a Riyad, muna riƙe wa junanmu shi a Danja.

Wanda likita ya mayar yakan dawo da takarda mai kalma ɗaya ko biyu, sau da yawa ba wanda ya zaunar da shi ya bayyana masa abin da aka gani. Kafin ya sauka daga mota unguwa ta riga ta yanke hukunci a kan irin ciwon da yake da shi da yadda ya same shi. Sakamakon gwajin nan asirinsa ne, ba na kawun da ya ba da rancen kuɗi ba, ba kuma na ƙungiyar da ta yi masa addu'ar tafiya ba. Abin da yake buƙata shi ne wani ya raka shi asibiti a sāke dubawa, gama mai ciwon hanta da aka gano da wuri ana iya bin lafiyarsa a kāre shi daga lalacewar hanta, a kuma yi wa matarsa da 'ya'yansa rigakafi. Allurar tana cikin alluran jarirai na ƙasar nan tun 2004, ta farko a ranar haihuwa.

Ga iyalin da suke shirin tura ɗansu kuwa, a yi gwaji kafin a kira mai sayen gona. Gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, akwai kuma cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye, kusa da Zariya. Gwajin jini na ƙanjamau da na ciwon hanta ana yinsu a Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, ko asibitin koyarwa na Shika, a karɓi sakamako cikin yini guda. Takardar waɗannan asibitoci ba za ta maye gurbin ta ofishin jakadanci ba, amma za ta gaya wa gida abin da likitan bakin ƙofa zai gani, tun shanu suna turke.